Ƙiba Ba Ƙoshi Ba Ce: Abincin 'Yan Mata Da Farashin Kasuwa

A al'adar mutanenmu, in aka ga yarinya ta yi jiki akan ce gidansu akwai wadata. Masana abinci suna ganin lamarin ta wata fuska dabam, domin sau da yawa yarinyar da nauyinta ya wuce kima ita ce kuma mai fama da ƙarancin jini. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa a shekarar 2022 yara da matasa fiye da miliyan 390 masu shekara 5 zuwa 19 ne nauyinsu ya zarce ƙa'ida, wato kashi 20 cikin ɗari, alhali a 1990 kashi 8 ne kacal. A nan Nijeriya, binciken lafiyar jama'a na 2018 ya nuna cewa kashi 28 cikin ɗari na mata masu shekara 15 zuwa 49 suna da nauyi fiye da kima, kashi 58 kuma suna da ƙarancin jini.

Yadda abubuwan biyu suke haɗuwa a jiki ɗaya ba wani abin mamaki ba ne. Budurwa mai shekara 14 zuwa 18 tana bukatar kimanin miligiram 15 na sinadarin ƙarfe kowace rana, saboda girma da kuma jinin al'ada, tare da sinadarin kalsiyam mai yawa domin a wannan lokaci ne ƙashi yake ginuwa. Taliyar leda da biskit da fanke da lemon kwalba suna cika ciki, suna ba da kuzari, amma ɗan abin da suke ɗauke da shi na waɗannan sinadarai bai taka kara ya karya ba. Har wa yau, kitse mai yawa yana sa hanta ta ƙara fitar da wani sinadari mai suna hefsidin, wanda yake rage yawan ƙarfen da hanji zai tsotsa daga abinci. Ke nan ko ta ci wake da alayyafo daidai da 'yar'uwarta siririya, mai ƙiba ba lalle ta sami amfani daidai da ita ba. Shan shayi a kan abinci yana ƙara dagula lamarin, lemon zaƙi ko tumatir kuwa suna taimakawa.

Tushen matsalar yana cikin farashi. Hauhawar farashin abinci ya haura kashi 40 cikin ɗari a tsakiyar 2024, kuma a lokacin Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ƙiyasta cewa abinci mai gina jiki mafi araha yana cin fiye da Naira 1,200 ga mutum ɗaya a yini. Ɗalibar da aka ba kuɗin tara ba ta iya sayen ƙwai da nono da ayaba. Abin da kuɗinta zai kai shi ne fulawa da mai da sukari. Kwalbar lemo ta rabin lita tana ɗauke da sukari kusan giram 50, wanda shi ne iyakar abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta shawarta a 2015 ga babban mutum a yini guda. Ga kuma magungunan sa ƙiba, irin waɗanda ake kira sha-ka-fashe, da wasu 'yan mata suke saya ba tare da iznin likita ba.

Gwamnati ta taɓo lamarin ta hanyoyi biyu da suka shafi 'yan kasuwa kai tsaye. Tun 2002 aka wajabta wa masana'antu zuba bitamin A cikin fulawa da sukari da man girki, ko da yake akwai abin dubawa a nan, tunda kayan da aka ɗora wa ɗaukar bitamin su ne waɗanda ake son mai ƙiba ta rage. Sannan dokar kuɗi ta 2021 ta sanya harajin Naira 10 a kan kowace litar abin sha mai sukari. Wannan kuɗi bai kusanci ƙarin kashi 20 cikin ɗari na farashi da hukumar lafiyar take ganin zai rage shan kayan ba, kuma faɗuwar darajar Naira daga 2023 ta daɗa ƙanƙantar da shi.

Inda kasuwa ta bar giɓi shi ne wajen abin da za a saya a ƙofar makaranta. Gero da wake da gyaɗa da zogale da waken suya duk ana nomansu a arewa, kuma awara da dambun zogale da fura da nono sun riga sun karɓu a bakin 'yan mata. Abin da suka rasa shi ne ƙunshi mai tsabta, da tsawon kwana a kanti, da ƙaramin awo mai sauƙin kuɗi, waɗanda da su ne kamfanonin biskit da lemo suka mamaye kuɗin tarar ɗalibai.