Sulhu ko yaƙi: Yadda ake bambance hujja da daɗin baki a muhawarar tsaron Zamfara

Shekaru ke nan babu muhawarar da ta fi cin ran jama'ar Ƙaura Namoda da Shinkafi da Zurmi kamar ta sulhu da 'yan bindiga. Ana tafka ta a tashoshin mota da majalisun bayan La'asar, ana kuma ci gaba da ita a rediyo da Facebook. Ga manomin da gonarsa ke bakin daji, ko direban da ke bin hanyar Ƙaura zuwa Shinkafi, abin da aka yanke a kanta shi ne zai nuna ko zai yi shuka bana, ko zai koma gida lafiya.

Gwamnatocin jihar sun gwada hanyoyi daban-daban. Bello Matawalle ya fara sulhu a 2019, sannan a watan Satumban 2021 aka katse layukan waya tare da rufe kasuwannin mako-mako. Dauda Lawal, wanda ya hau mulki a watan Mayun 2023, ya ce gwamnatinsa ba za ta yi sulhu ba, ya kuma ƙaddamar da Askarawan Zamfara a watan Janairun 2024. Kowane ra'ayi yana da gwanayen magana a bayansa. To, da me mai sauraro zai auna maganarsu?

Ma'aunin da malamai suka bari

Makarantun zaure sun daɗe suna koyar da fannoni biyu da suka shafi wannan: manɗiƙi, wato ilimin tsara hujja, da balaga, ilimin isar da magana yadda za ta ratsa zuciya. Littafin Sullam na Abdurrahman al-Akhdari, malamin ƙasar Aljeriya na ƙarni na 16, ya kasa hujjar hankali gida biyar. Akwai burhani, wanda aka gina a kan tabbatattun abubuwa. Da jidali, wanda ke tsayawa a kan abin da ya shahara ko abokin muhawara ya yarda da shi. Da huɗuba, mai dogaro da rinjayen zato ko maganar wanda aka amince da shi. Da waƙa, mai motsa zuciya. Sai safsaɗa, ƙaryar da aka yi wa adon gaskiya.

Tun a ƙarni na 4 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), Aristotul na ƙasar Girka ya nuna cewa mai magana yana shawo kan jama'a ta hanyoyi uku: mutuncinsa a idonsu, da motsa zukatansu, da ƙarfin hujjarsa. Dukansu suna da muhalli. Hawayen uwar da aka sace wa 'ya'ya shaida ce ta gaskiya a kan girman masifar, amma ba su nuna wane magani ne zai yi aiki ba. Wannan aikin hujja ne.

A kula da kalmar "duk"

Mafi yawan hujjoji ƙiyasi ne: magana biyu na shimfiɗa, sai sakamako. Mai goyon bayan sulhu yakan ce duk yaƙi a teburin sulhu yake ƙarewa, wannan kuwa yaƙi ne, saboda haka a zauna. Tsarin ya yi daidai, amma shimfiɗar farko tana da rauni, domin yaƙin basasar Najeriya ya ƙare ne a watan Janairun 1970 da miƙa wuyan Biyafara.

Mai adawa shi ma yakan ce duk wanda ya ɗauki makami ba ya ajiyewa. Afuwar da Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa ya yi wa tsagerun Neja Delta a 2009 ta nuna akasin haka, domin da dama sun ajiye. Sai dai kwatance ma yana da sharaɗi. Tsagerun suna da sanannun shugabanni da buƙatun siyasa, alhali dabobin dazukan Zamfara suna da yawa, babu kuma jagora ɗaya da maganarsa za ta ɗaure sauran. Wanda ya kawo misalin Neja Delta, wajibi ne ya faɗi inda aka yi kama da inda aka bambanta.

Tarkuna huɗu

Na farko shi ne ɗaukar abin da ya biyo baya a matsayin sakamako. Wani zai ce an yi sulhu sai aka samu sauƙi, wani kuma ya ce an yi sulhu sai aka sace ɗaliban Jangebe a watan Fabrairun 2021. Su biyun sun nuna jeri ne kawai, ba su nuna sababi ba. Dole a tambayi me kuma ya sauya a lokacin: damina ce ko rani, an ƙara sojoji ko an janye, wace daba ce ta shiga yarjejeniyar, wace ce ba ta shiga ba.

Na biyu, barin magana a kama mai magana. Mai neman sulhu a ce masa infoma, mai neman yaƙi a ce shi yana birni ne shi ya sa. Wannan ba ya rushe hujja, yana rufe baki ne, kuma a yankin da zargi kaɗai kan jawo asarar rai, magana zarar bunu ce.

Na uku, tsuke zaɓi ya koma biyu, kamar babu komai tsakanin sulhu da ruwan bama-bamai. Akwai hukunta masu laifi a kotu, da toshe hanyar makamai, da warware rikicin burtali da gonaki. Akwai kuma bambanci tsakanin yarjejeniyar da hukuma ke da ƙarfin tilasta cika ta da harajin da ƙauye ke biya don a bar shi ya yi girbi, ko da duka ana kiransu sulhu.

Na huɗu, ɗora laifin wasu a kan ƙabila sukutum. Wannan ce safsaɗa mafi tsada, domin ita ke halasta ramuwa a kan wanda bai ji ba bai gani ba.

Wasiƙu biyu

A watan Disamban 2021, Bello Turji ya rubuta wa Sarkin Shinkafi da gwamna da shugaban ƙasa wasiƙar neman sulhu, inda ya nemi a rushe 'yan sa-kai a kuma zauna da sarakuna da malamai. Wasu sun karɓe ta saboda taushin lafazinta, wasu sun yi watsi da ita saboda sunan mai ita. Ma'aunin manɗiƙi yana tambaya ne: wane alkawari ne a ciki da za a iya tantancewa, wa zai tantance, me zai biyo baya idan aka saɓa?

Tarihin ƙasar Hausa yana da wani misali. A farkon ƙarni na 19, Shehu Muhammadu al-Kanemi na Borno ya rubuto yana ƙalubalantar hujjar jihadi. Muhammadu Bello ya amsa masa, ya kuma kawo maganar abokin jayayyar tasa a littafinsa Infaƙul Maisuri, inda har yau mai karatu zai iya auna ɓangarorin biyu da kansa.

Wannan ladabi yana da amfani a majalisun Zurmi da Shinkafi da Ƙaura. Kafin mutum ya amsa wa abokin muhawararsa, ya fara maimaita hujjarsa har shi mai ita ya ce haka yake nufi. Sannan ya tambaye shi daga ina labarin ya fito, kuma wace shaida ce idan ya gan ta zai sauya ra'ayi.