Kafin a Raba Laftof, a Fara Tambayar Uwar Garke



Kwanaki na leƙa wata makaranta a unguwarmu Abakpa, wadda aka ba kyautar laftof. Na tarar da su jibge a kabad, ƙura ta rufe su. Malamin ya ce min: "Ɗan'uwa, ba data, ba wuta, me za su buɗe?" Wallahi abin ya tsaya min a rai.

Wannan ba sabon abu ba ne. A 2007 shirin One Laptop per Child ya raba wa yaran firamare ta Galadima a Abuja ƙananan kwamfutoci, kuma wuta da kuɗin intanet na cikin abubuwan da suka fi ba da wahala. Shi ya sa nake cewa a fara da uwar garke, wato saba: kwamfuta ɗaya da ke ajiye darussa a cikin makarantar, sauran su riƙa ɗebowa daga gare ta ta waifai, ko da babu intanet. Ƙaramar na'ura irin Raspberry Pi ta isa makaranta madaidaiciya, wutar da take ci kamar ta cajar waya ce. A sa mata Kiwix, a samu Wikipedia har da ta Hausa. A sa Kolibri, a samu darussa da atisaye. Sau ɗaya za a sauke, ɗaruruwan yara su amfana.

Sai hanyar sadarwa. Rauta ɗaya ba za ta ɗauki makaranta ba, bangon siminti na rage ƙarfin waifai, kuma yara arba'in in suka buɗe bidiyo tare sai komai ya tsaya cak. A ja waya daga uwar garken zuwa kowane aji, a sa masa nasa na'urar waifai. Sannan sola da batir, ɗaki mai iska wanda ƙurar hunturu ba ta shiga, da malami ɗaya da aka koya wa kula da ita.

Ku tuna, tun 2015 JAMB gaba ɗaya a kwamfuta ake yin ta. Ƙannenmu kada su fara taɓa kibod ranar jarrabawa.

Don haka in ɗan siyasa ko ƙungiya suka zo da kwalaye, mu yi godiya, sannan mu tambaya: ina uwar garken, ina wutar, wa zai gyara?

Mu haɗu a shiri na gaba, in sha Allahu.