Masu Riƙon Tsohuwar Rediyon Kira

Duk wanda ya tashi a gidan da ake murɗa rediyo a kamo gajeren zango ya san rabin wannan aiki. Ɗaya rabin shi ne aikawa. A ƙasashe da dama akwai mutanen da hukuma ta ba lasisin yin magana a iska daga ɗakinsu, don sha'awa da zumunci, kowa da lambar kiransa: ta ɗan Nijeriya tana farawa da 5N, ta ɗan Nijar da 5U. Marigayi Sarki Husaini na Jodan ma ya kasance cikinsu, da lambar JY1. To, a cikin waɗannan mutane akwai waɗanda suka riƙe tsofaffin na'urori masu bawul, kwan gilashin nan da ke yin ja idan ya ɗauki wuta.

Wasu sunaye ba sa barin bakinsu. Akwai Collins KWM-2 da ta fito a 1959 daga garin Cedar Rapids na Amurka, wadda har sojojin ƙasar suka yi aiki da irinta a Biyetnam. Akwai Yaesu FT-101 ta Japan, ta farkon shekarun 1970, mai nauyin kusan kilo 15. Ita kuwa Heathkit HW-101, a zamaninta, a warwatse take zuwa cikin kwali, mai saye ya zauna da littafi da dalma ya harhaɗa abarsa.

Irin wannan na'ura ba a kunna ta a hau surutu. Sai an bar ta ta yi ɗumi, domin kafin nan zangonta yana zamewa. Daga nan a daidaita bawul na ƙarshe da eriya: ido a kan allurar mita, hannu yana murɗawa har allura ta faɗi ƙasa, a ƙara mata nauyi kaɗan, a sake neman faɗuwar. Daƙiƙoƙi ake yi a saki, don wanda ya daɗe yana lalube zai ƙone bawul, ga shi irin 6JS6C da ke cikin FT-101 an daɗe da daina ƙera shi. Idan komai ya zauna, wat ɗari da waya a tsakanin itace biyu sun isa kai murya wata nahiya, saboda saman sararin samaniya yana maido da saƙon ƙasa. Zangon mita 20 ya fi tafiya da rana, na mita 40 da dare.

Abin da ya fi burge ni shi ne, mai irin wannan na'ura dole ya zama mai gyara. Kwandensa tana bushewa da shekaru, maɓallai suna tara datti, dalma tana tsagewa. Amma masu ƙera ta sun bar taswirar wayoyinta a cikin littafinta, kuma kowane ɓangare ido yana ganinsa, hannu yana kai gare shi. Sabuwar rediyo ta fi ta kama raunanan murya, ta fi ta tsayawa a zango, wannan ba gardama. Sai dai idan ta tsaya, mai ita yawanci ba ya da abin yi sai aikawa kamfani. Tsohuwar kuwa tana koya wa mai ita lantarki, ko ya so ko ya ƙi.

Tana da haɗari, kuma dole a faɗa. A cikinta akwai wutar da ta kai bolt 600 zuwa 800, wadda kan maƙale a kwandensa bayan an zare soket. Idan ka tsinci irinta a kayan gwanjo, kada ka jona ta kai tsaye. Ka kai wa wanda ya san bawul ya duba, ya ɗaga mata wuta sannu a hankali, sannan ka nemi lasisi kafin ka danna maɓallin magana.