Takardu Biyar a Cikin Ambulan: Hattara da Guzuri a Ƙasa Mai Tsarki

Mutumin Saji da ke ƙasar Rano ba ya cika shiga jirgi don ya je shan iska a Dubai ko Landan. In ka ga ya yi fasfo, to gabas ya nufa, ko aikin Hajji ko Umara. Kafin a kai ga haka kuwa an sayar da masara da shinkafa, wani ya saki bijimai, wata ta kwashe adashin shekaru. A 2025 kujerar maniyyacin Kano ta haura naira miliyan 8. Duk wannan wahala ana yin ta da ido buɗe, ana ƙirga kowace naira. Abin mamaki, ranar da aka miƙa wa mutum guzurinsa, kuɗin da zai rayu da su a ƙasar da bai san harshenta ba, a ranar ne lissafi yake kwance masa.

Guzurin nan ba shi da yawa. A 2024 da 2025 dala 500 Hukumar Alhazai ta Ƙasa ta tsayar wa kowane alhaji. In 'yan ɗari-ɗari ne, takardu biyar ke nan kacal. Tun 1986 Saudiyya ta ɗaure kuɗinta da dala, riyal 3.75 a kan dala ɗaya, saboda haka dala 500 riyal 1,875 ce, kuma ɗan canji zai ɗan rage ribarsa. Wanda bai biya hadaya tun daga gida ba zai cire kusan riyal 720, farashinta a 'yan shekarun nan ta hanyar shirin hadaya na Saudiyya. Abin da ya rage, in aka raba shi a kan zaman wata guda da 'yan kwanaki, bai wuce riyal 35 a rana ba. A ciki za a sa kati a waya, a sha shayi, a shiga mota, a yi aski, a kuma sayo tsaraba. Wanda ya yi wannan lissafi tun yana Rano ba zai tsaya gaban shagon zinare a makon farko ba.

Inda aka fi cutar mutanen karkara shi ne wajen rashin sanin ita kanta takardar. Kuɗin Amurka duk girmansu ɗaya, launinsu kuma kusan ɗaya. Dala 1 da dala 100 in aka ninke su, idon da bai saba ba ba zai raba su ba. Macuta sun san haka. Saurayi ne zai matso a sansanin alhazai ko a harabar masauki, da Hausa tsaf a bakinsa: "Baba Alhaji, kawo in duba maka, kada su ba ka na jabu." Ko ya ce, "Hajiya, layin nan ba za ki iya ba, bari in canzo miki." Ya karɓi ambulan, ya juya baya kaɗan, ya dawo da ita a liƙe. Sai an je gaban ɗan canji a Madina a tarar da takardu biyar ɗin suna nan, amma 'yan dala ɗai-ɗai ne. Dala 500 ta koma dala 5.

Maganin wannan ba ya buƙatar boko. Sabuwar takardar dala 100, wadda aka fara fitarwa a 2013, tana da wani zare mai faɗi, shuɗi, da ya ratsa ta daga sama zuwa ƙasa, ga kuma lamba 100 ɓaro-ɓaro a kusurwa. Dala 1 ba ta da wannan zaren. Duk ɗan da zai raka mahaifinsa ko mahaifiyarsa sansani, ya zauna da su ya nuna musu hoton takardar a waya har su gane ta da kansu. A buɗe ambulan a gaban jami'in da ya bayar, a ƙirga, sannan a ɗaga ƙafa. Bayan nan kada ta sake shiga hannun kowa, ko da ya zo da rigar ma'aikata. Haka nan riyal: 'yar 500 shuɗiya ce, 'yar 100 ja-ja, 'yar 50 kuma koriya. Tsohuwar da ta riƙe waɗannan launuka uku ba za ta miƙa 500 a kuɗin ayaba ta tafi ba canji ba.

Masu ƙara guzuri daga aljihunsu, akasari Wapa suke zuwa a Fagge. Ba laifi, amma a je wurin mai shago da lasisi wanda za a iya komawa gare shi gobe, kuma a ƙi karɓar tsohuwar dala da ake kira mai ƙaramin kai, ko wadda ta yage, ko aka yi rubutu a jikinta. A Amurka tana nan da darajarta, amma 'yan canji a wasu ƙasashe ko su ƙi ta ko su karya mata farashi. Wanda kuma zai fita da kuɗin da suka haura dala 10,000, doka ta wajabta masa ya bayyana wa jami'an kwastan a filin jirgi. Ɓoyewa na iya jawo a ƙwace kuɗin, a kuma gurfanar da shi.

Sai batun kati. A Fabrairun 2024 Babban Bankin Najeriya ya umarci bankuna su daina ba matafiya guzuri a hannu, sai ta kati. An so a yi wa alhazai haka a 2025, aka yi ta ƙorafi cewa yawancinsu mutanen ƙauye ne da ba su saba da na'urar cire kuɗi ba, har aka janye aka ba su tsaba. A ganina jinkiri kawai aka samu, domin can duniya ta nufa, kuma a Makka da Madina yanzu har mai ƙaramin shago yana da na'urar karɓar kati. Gara a koya tun yanzu. Tun daga Yulin 2025 wasu bankunanmu sun dawo da damar amfani da katin naira a waje bayan shekarun da suka rufe, sai dai kowane banki da iyakar da ya sa. Kafin tafiya a je banki a tambaya: katin nan zai yi aiki a Saudiyya? Nawa ne iyakarsa? Yaushe wa'adinsa zai ƙare? Sannan a tuna saƙon banki ta layin Najeriya yake zuwa, wanda ya cire layinsa ya bar shi a gida ba zai san abin da ake cira a asusunsa ba. In na'ura ta tambaya da wane kuɗi za a biya, a zaɓi riyal, don ɗaya zaɓin yakan zo da canji mai tsada. Lambar sirri kuwa ba a rubuta ta a bayan kati, ba a kuma faɗa wa wanda ya zo "taimako" a bakin na'ura.

Ajiyar kuɗi ma sai da dabara. Kada a canza dalar duka a rana ɗaya, takarda ɗaya ta isa mako guda ko fiye. Kada kuma a tafi Harami da guzuri gaba ɗaya. Mai harami ba shi da aljihu, cunkoson ɗawafi da na jifa kuwa nan ne masu reza suke yanke ɗamara da jaka. A ɗauki na abin da za a kashe a ranar, sauran a kulle a akwati, ko a damƙa wa jami'in alhazai na ƙaramar hukuma a gaban shaidu, a rubuce. Hadaya kuma, duk wanda ya biyo ka ɗaki ya ce zai yanka maka a rabin farashi, tambaye shi rasit. Ibadarka ce, ba cinikin tumatir ba, kuma in bai yanka ba babu yadda za ka sani.

Akwai wani laifin da namu ne, mu da muke zaune a gida. Tun kafin maniyyaci ya tashi an cika masa kunne da saƙo: wannan jallabiya, wancan agogo, waccan abaya da turare. Ba wanda ya haɗa da ko sisi. Dattijo ya je ya matse cikinsa, ya ci bashi a hannun abokan ɗaki, kaya su yi nauyi a biya kuɗin awo, ya dawo Kibiya ko Rurum yana sayar da akuya don ya biya. Alhali yawancin waɗannan kaya daga Sin ake kai su can, kuma suna nan jibge a Kantin Kwari da Kasuwar Kurmi. Mai son saƙo ya ba da kuɗinsa tun a gida, a rubuta sunansa da abin da ya bayar. Wanda bai bayar ba, dabino da zamzam sun ishe shi.

Malamai masu bita a Rano da Kibiya, don Allah ku ware zama ɗaya cikakke a kan kuɗi. Ku zo da takardar dala 100 da ta dala 1 da riyal, ku sa a hannun kowane maniyyaci, mace da namiji, ya juya su ya gane su kafin ranar tashi.