Yoyon Rufin Ofishin 'Yan Kwana-kwana Ya Shafi Kowa

Duk lokacin da gobara ta tashi, kamar wadda ta lashe shaguna masu ɗimbin yawa a kasuwar Sabon Gari ta Kano a watan Maris na 2016, hankalin jama'a kan koma ga motocin kashe gobara: guda nawa ne, akwai mai, akwai ruwa? Da wuya ka ji an tambayi halin da ginin da ke ajiye su yake ciki. Alhali lalacewar kayan aiki sau da yawa daga rufi take farawa.

Mesar feshin ruwa idan ta daɗe a naɗe cikin danshi takan yi fumfuna ta ruɓe, ranar aiki kuma ta fashe a hannun ma'aikaci. Rigar shiga wuta da ta jiƙe haɗari ce ga mai ita, domin ruwan da ta sha yakan zama tururi ya ƙona fata. Ɗigon da ke bin bango ya sauka kan wayoyin lantarki yana iya kashe oba-oba da cajar batiri, ko ma ya tayar da wuta a gidan masu kashe ta. Ga kuma masu aikin dare, suna kwana suna jan katifa daga wannan kusurwa zuwa waccan, bokitai jere a tsakar ɗaki.

Yoyo ba ya zuwa rana ɗaya. Zafin rana na buɗa kwano, sanyin dare ya tsuke shi, a hankali ramin ƙusa ya faɗaɗa, tsatsa ta kama. Ƙurar hunturu da ganye su toshe indararo, ruwa ya kwanta. Iskar farkon damina ta ɗaga gefen kwano, gara kuma ta shige katakon da ya jiƙe. Idan silin ya fara taswira yana lanƙwasowa, to ɓarnar ta yi nisa. Faci da kwalta na iya tsayar da ɗigo na damina guda, amma in katako ya ruɓe, sai dai a yaye rufin baki ɗaya.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Lokacin wannan aiki shi ne rani, daga Nuwamba zuwa Maris. Sai dai a lokacin ne gobara ta fi yawa, don haka ba a rufe ofishin. Ana yin aikin sashe-sashe, a fitar da motoci ƙarƙashin rumfa suna fuskantar ƙofa, a mayar da ɗakin amsa kira wani wuri, a hana jibge yashi ko katako a hanyar fita. In tsohon rufin na asbesto ne, a jiƙa shi a sauke ba tare da fasawa ba, masu aikin kuma su rufe hanci da baki, domin ƙurarsa na jawo ciwon huhu da daji.

Sabon rufi yana da wata riba. Ruwan sama milimita 1 a kan murabba'in mita 1 lita guda ne. Ke nan rufi mai murabba'in mita 400 zai tara lita 12,000 a ruwan milimita 30 kacal. Da indararo mai kyau da tankin ƙasa, wannan ruwa ne na cika mota.

Dokar sayen kayan gwamnati ta 2007 ta tanadi gasa a fili wajen ba da kwangilar tarayya, jihohi ma suna da nasu dokokin. Ya kamata takardar kwangila ta fayyace kaurin kwano, irin katako da wa'adin garanti, kuma kada a biya kuɗin ƙarshe sai rufin ya ga ruwa. Ƙungiyoyin 'yan kasuwa da masu unguwanni su ziyarci ofishin da ke kusa da su, su ga halin da yake ciki, su kai maganar gaban ɗan majalisarsu tun ana tsara kasafin kuɗi.