Dragon's Dogma 2: Sabon ya kamo ƙafar tsohon kuwa? Lissafi daga Tchibarakaten

Shekara 12 masu son wasan bidiyo na Dragon's Dogma suka yi suna jiran kashi na biyu. Da kamfanin Capcom na Japan ya sake shi ranar 22 ga Maris 2024, cikin kwana 11 ya sanar da sayar da kwafi miliyan 2.5. Amma a makon farko korafi ya cika shafin Steam, babbar kasuwar sayar da wasannin kwamfuta, kuma har yau masoyan wasan ba su daina musu ba kan ko sabon ya kai tsohon.

A manyan biranen duniya musun na nishaɗi ne. A wuri irin Tchibarakaten, garin mahaƙa zinariya da ke arewacin jihar Agadez kusa da iyakar Aljeriya, magana ce ta kuɗin da aka yi gumi kafin a samu. Haka take ga ɗan'uwan da ke ƙasar waje, wanda ƙaninsa ya dame shi da saƙo cewa ya aiko masa da PlayStation 5.

Wane irin wasa ne?

Dragon's Dogma na cikin wasannin da mai bugawa ke ƙera jarumin kansa, ya zaɓa masa kama da sana'ar yaƙi, sannan ya shiga da shi duniyar tatsuniya mai cike da dodanni da masu sihiri. Na farko ya fito a watan Mayun 2012 a PlayStation 3 da Xbox 360, ƙarƙashin jagorancin Hideaki Itsuno. Labarin ya fara ne a wani ƙauyen masunta mai suna Cassardis, inda wani ƙaton dodo mai fuka-fuki da aman wuta ya cire zuciyar wani matashi ya tafi da ita. Matashin bai mutu ba, sai ya bazama neman zuciyarsa.

Abubuwa biyu suka sa wasan ya yi suna. Na ɗaya, ana iya hawa jikin dodo kamar yadda ake hawa bishiya, a kai masa sara a ido ko a wuya. Na biyu, jarumi ba ya tafiya shi kaɗai. Yana da 'yan rakiya uku da ake kira Pawn: ɗaya nasa ne na kansa, biyu kuma aro yake yi daga wasu masu bugawa ta intanet. A 2013 aka fitar da Dark Arisen, wanda ya haɗa wasan da ƙarin wani tsibiri mai wahalar gaske, Bitterblack Isle. Shi ne tsohon da ake nufi idan ana kwatance, kuma daga baya an kai shi kwamfuta a 2016, PlayStation 4 a 2017, da Nintendo Switch a 2019.

Inda sabon ya yi zarra

Kashi na biyu ya buɗe ne a wani filin haƙa, jarumi ya manta ko shi wane ne, yana dakon duwatsu ƙarƙashin masu gadi. Daga nan ya tsere, ya tarar wata sarauniya mai riƙon ƙwarya, Disa, ta ɗora jarumin bogi a kan gadon sarautar Vermund. A kudu kuma akwai ƙasar Battahl, busasshiya mai kwazazzabai da jan dutse, wadda duk wanda ya san tsaunukan Ayar zai ji kamar ya taɓa ganinta.

A fagen faɗa, sabon ya wuce tsohon nesa ba kusa ba. Dodo mai ido ɗaya kan yi tuntuɓe ya faɗi a kan kwazazzabo har a taka bayansa a tsallaka. Ƙaton tsuntsu mai jikin zaki kan tashi sama da jarumin da ya maƙale masa, ya sauke shi a wani yanki daban. 'Yan rakiyar ma sun ƙara wayo: wanda ya taɓa ganin wata taska a duniyar wani mai bugawa zai iya jan ubangidansa zuwa wurin.

Tafiya ita ce ƙashin bayan wasan. Da gangan Itsuno ya ƙuntata hanyar ɓacewa daga gari a ɓulla a wani, kuma ya taɓa bayyana cewa tafiya ba ta gundurar mutum sai idan wasan ne ba shi da daɗi. Don haka ko dai a taka da ƙafa, ko a biya kuɗin amalanken shanu da dodanni kan tare a hanya. Dare na da duhu sosai, fitila na shan mai, kaya masu nauyi na rage sauri. Mutanen da ke bin ayarin motoci daga Arlit ko Agadez zuwa Tchibarakaten, da jarkokin ruwa da fargabar 'yan fashi, ba sa bukatar a yi musu bayanin wannan tsari.

Inda ya gaza

Labarin sabon ya taso da ƙarfi, amma daga tsakiya ya yi sanyi, rikicin fadar Vermund ya ƙare ba tare da an warware shi yadda ya kamata ba. Ƙananan abokan gaba kuma kusan iri ɗaya ne daga farko har ƙarshe: kyarkeci, 'yan fashi, ƙadangaru masu mashi. An ƙara sana'o'in yaƙi daga tara zuwa goma, amma an cire wasu da tsofaffin masoya ke so, an kuma rage dabarun da jarumi ke iya riƙewa a lokaci guda zuwa huɗu, alhali a tsohon wasu sana'o'in na riƙe shida. Babu kuma wani wuri da ya maye gurbin Bitterblack Isle, inda masu bugawa kan shafe watanni bayan sun gama labari.

Sai batun kuɗi. An sa wa wasan dala 70, kimanin jaka 42 na sefa a canjin wancan lokaci, sannan a ranar fitowarsa aka jera ƙananan kayayyaki 21 na sayarwa daban. Gaskiya ne yawancinsu ana samunsu a cikin wasan ba tare da biyan ko dala ba, amma abin ya ɓata wa mutane rai. Wasan kuma ya riƙa sarƙewa a cikin manyan garuruwa, musamman Vernworth, ko a kwamfutoci masu tsada. Da farko ma babu maɓallin sake wasa daga tushe, sai da Capcom ya yi gyara bayan 'yan kwanaki.

Lissafin Tchibarakaten

Tchibarakaten ya taso ne daga zazzaɓin zinariya na 2014, shekarar da aka gano ta a Djado. Da gwamnati ta rufe Djado a 2017, mahaƙa da yawa suka koma can. Matasa ne suka fi yawa, daga Damagaram, Maraɗi, Tawa da ƙasashe maƙwabta, suna shiga ramuka masu zurfi cikin dutse. Ruwa da abinci da fetur duk daga nesa ake kawo su, wuta kuma ta janareto ce ko ta farantin hasken rana. A irin wannan wuri, kowace na'ura ana auna ta da abin da take ci.

Dragon's Dogma 2 ba ya tashi sai a PlayStation 5, Xbox Series ko kwamfuta mai ƙarfi. PlayStation 5 na jan wuta kusan wat 200 idan ana wasa, ban da talabijin, kuma fankarsa na zuƙar iska, wato tana zuƙar ƙura. Nauyin wasan ya haura gigabait 60, ga gyare-gyaren da ake saukewa daga baya. Na kwamfuta kuma ya fito ne ɗauke da makullin Denuvo, wanda kan nemi a leƙa intanet lokaci zuwa lokaci.

Dark Arisen kuwa kusan gigabait 20 ne a kwamfuta, tsohuwar laftof mai ɗan ƙarfi na iya ɗaukarsa. Farashinsa dala 30 ne, kuma ana yawan karya shi. A kasuwar GOG ana sayar da shi ba makulli, a sauke sau ɗaya a ajiye. A Switch kuma batir ke riƙe shi na wasu sa'o'i, ƙaramin faranti ya isa caji. Duka wasannin biyu ana iya buga su ba intanet, domin kamfanin ya zuba nasa 'yan rakiyar a ciki, sai dai za a rasa daɗin musayar su da sauran jama'a.

To wanne ya fi?

Ga mai wuta tsayayya da na'ura a hannu, a Yamai ne ko Kano ko Faris, kashi na biyu ya cancanci a buga shi, domin faɗansa da tafiyarsa ba su da na biyu a irin waɗannan wasanni. Amma bai shafe tsohon ba: ya fi shi kyan gani da motsi, tsohon ya fi shi ƙarshe mai gamsarwa da abin yi bayan an gama. Itsuno kansa ya bar Capcom a watan Agustan 2024, bayan fiye da shekara 30 a kamfanin.

Ga matashin Tchibarakaten da ɗan'uwansa mai aiko da kaya, shawarar a fili take: a fara da Dark Arisen a kan abin da ake da shi. Idan ya shiga rai, sabon na nan yana jira ranar da aka sauko gari.