Aikin Gili, Mai Koyar Da Fatsa A Kogunan Sikotlan

A ƙasar Sikotlan da ke arewacin Birtaniya akwai wata tsohuwar sana'a wadda ake kiran mai yinta gili. Kalmar ta samo asali daga harshen Galik na mutanen tsaunukan ƙasar, inda take nufin yaro ko bara. A yau kuwa gili shi ne jagoran baƙin da ke biyan kuɗi don su yi fatsar kifin samon a manyan koguna irin su Tay da Spey da Tweed. Mai gonar da kogin ya ratsa shi ke ba da hayar gaɓa, shi kuma ke biyan gili albashi, baƙi su ƙara masa da ɗan hasafi.

Wannan fatsa ba a sa mata tana. Gashin tsuntsu da zare ake ɗaura wa ƙugiya har ta yi kama da ƙwaro ko ƙaramin kifi. To, abin ba shi da nauyin da za a jefa shi nesa, saboda haka igiyar ce ake yi mai nauyi, ita ke jan ƙugiyar cikin iska. Nan ne sabon shiga ke shan wuya. Yakan ɗauka ƙarfin damtse ake bukata, sai ya fizgi sanda mai tsawon ƙafa 14 ko 15, igiya ta zubo masa a wuya. Aikin gili na farko shi ne ya rage masa gaggawa: ya ɗaga sanda sannu, ya dakata har igiya ta yi lanƙwasa a gefensa, kana ya tura gaba. Wannan salon jifa a kogin Spey aka ƙago shi, domin itatuwan gaɓa ba su barin mutum ya wurga igiya ta baya. Kafin duk wannan ma sai gili ya tabbata baƙo ya sa hula da tabarau, don ƙugiyar da iska ta kaɗo ba ta san ido ba.

Abin mamaki, samon da ya baro teku ya hau kogi don ya yi ƙwai ba ya cin abinci. Ke nan ba yunwa ke sa ya cafki ƙugiya ba, kuma mutum na iya yin mako guda cur bai kama ko ɗaya ba. Abin da baƙo ke saye a wurin gili shi ne sanin ruwa: bayan wane dutse kifi ke hutawa in kogi ya cika, wane gurbi yake komawa in ruwa ya janye. A shekarar 1922, sa'ad da Georgina Ballantine ta kama samon mai nauyin laba 64 a kogin Tay, wanda har yanzu ba a kama irinsa da sanda a Birtaniya ba, mahaifinta ne ke tuƙa jirgin, shi kuwa gili ne.

Amma kifin na ƙarewa. A watan Disamba na 2023 ƙungiyar kare halittu ta duniya, watau IUCN, ta sa samon na Birtaniya cikin jerin masu fuskantar barazanar ɓacewa. Tun 2016 gwamnatin Sikotlan ke rarraba koguna aji-aji, inda kifi ya yi ƙaranci doka ta hana a kashe shi, kuma fiye da kashi 90 cikin 100 na abin da ake kamawa da sanda mayar da shi ruwa ake yi. Gilin da kakansa ke buge kan kifi da kulki, shi yanzu koya wa baƙo yake yi yadda zai zare ƙugiya kifin na cikin ruwa, ya riƙe shi yana fuskantar igiyar ruwa har ya farfaɗo. Wanda ya biya kuɗi masu yawa ba kullum yake jin daɗin wannan umarni ba, gili kuwa tilas ya faɗa masa, ko da hasafin ranar zai ragu.